Margaret Dayhoff: Matar da haruffanta ke bin sawun sikila, sanƙarau da hatsin Adar

Duk saurayi da budurwar da aka taɓa turawa gwajin jini kafin ɗaurin aure sun san nauyin da haruffa biyu ke ɗauke da shi. Idan takarda ta nuna AA, a yi hamdala. Idan AS ta haɗu da AS, sai iyaye su zauna shawara. Gidan da ke da yaro mai SS kuwa ya san yawan dararen da ake kwana ido biyu, musamman da hunturu idan ciwon ƙashi ya motsa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, duk wannan wahala ta sikila, wato amosanin jini, daga sauyin abu ɗaya tak ta samo asali. Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wanda ake kira himogulobin, yana da wata sarƙa mai ƙwayoyi 146 a jere kamar carbi. A wuri na 6, inda ya kamata a samu wata ƙwaya mai suna gulutamik asid, sai aka samu wata daban mai suna balin. Masana daga Yamai har zuwa Tokiyo suna rubuta wannan sauyi a taƙaice: E6V.

Wadda ta tsara waɗannan haruffa, ta kuma fara tara bayanan halittu cikin kwamfuta don a riƙa kwatanta su, wata Ba'amurkiya ce mai suna Margaret Oakley Dayhoff. Ba a san sunanta a kasuwar Madawa ko ta Buza ba, amma fannin da ta assasa yana da hannu a allurar sanƙarau da ake yi wa matasa, da maganin zazzaɓin damina da ake bai wa yara, da binciken irin hatsin da ake shukawa a tudun Keita.

Sunan fannin bayo'infomatiks. A Hausa mai sauƙi, amfani ne da kwamfuta da lissafi wajen karanta bayanan da ke cikin ƙwayoyin halitta. David Lipman, wanda ya daɗe yana shugabantar cibiyar adana irin waɗannan bayanai ta gwamnatin Amurka, ya taɓa siffanta Dayhoff da cewa ita ce uwa kuma uban fannin.

Wace ce Margaret Dayhoff?

An haife ta ranar 11 ga Maris, 1925 a birnin Filadelfiya, ita kaɗai wurin iyayenta. Tana da shekara 10 suka koma birnin New York. A makarantar sakandare ta Bayside ita ce ta zo ta ɗaya cikin waɗanda suka kammala a 1942, abin da ya ba ta tallafin karatu a Jami'ar New York, inda ta karanci lissafi ta gama a 1945.

Daga nan ta wuce Jami'ar Columbia don digirin digirgir a fannin kimiyyar sinadarai, ƙarƙashin Farfesa George Kimball. Ta kammala a 1948, tana da shekara 23.

A lokacin babu kwamfuta irin wadda aka sani yau. Akwai dai wasu injunan lissafi na kamfanin IBM da ake ciyar da su da katunan takarda masu huji, kowane huji na nufin lamba ko harafi. Ofisoshi ne suka fi amfani da su wajen lissafin albashi da ƙidaya. Margaret ta ɗauki waɗannan injuna ta sa su yin lissafin ƙarfin da ke haɗa wasu sinadarai, aikin da zai ɗauki mutum watanni da alƙalami. Tun daga nan ta gane cewa inji na iya ɗauke wa mai bincike nauyin da ya fi ƙarfin hannunsa.

A shekarar ta 1948 ta auri Edward Dayhoff, masanin kimiyyar fiziks. Ta yi aiki a Cibiyar Rockefeller har zuwa 1951, sannan a 1952 suka koma jihar Maryland.

Shekarun raino

Ta haifi 'ya'yanta mata biyu, Ruth da Judith, kuma ta janye daga aikin bincike na wasu shekaru don rainonsu. Daga 1957 zuwa 1959 ta samu gurbin bincike a Jami'ar Maryland, inda ta yi aiki da Ellis Lippincott, kuma a nan ta fara taɓa babbar kwamfutar zamani.

Komawa fagen bai zo mata da sauƙi ba. Da ta nemi kuɗin bincike, an ƙi ba ta, bisa hujjar cewa ta daɗe rabonta da fannin alhali shi kuwa yana gudu. Wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga matan da suka taɓa ajiye karatu saboda aure ko goyo, suka dawo suka tarar ana yi musu kallon waɗanda jirgi ya bari a tasha.

Ƙofar da ta buɗe mata ta wata ƙaramar gidauniya ce ta binciken lafiya mai suna NBRF a garin Silver Spring. Wanda ya kafa ta, Robert Ledley, likitan haƙori ne da ya koma harkar lissafi da kwamfuta, kuma shi ne daga baya ya ƙera na'urar sikanin da ke ɗaukar hoton cikin jiki gaba ɗaya. A 1960 Dayhoff ta zama mataimakiyar darakta a gidauniyar. A can ta yi sauran rayuwarta ta aiki, tana kuma koyarwa a matsayin farfesa a Jami'ar Georgetown da ke Washington.

Wasiƙar da aka yayyaga

Don a fahimci abin da ta yi, sai an san matsalar da masana ke fuskanta a lokacin.

Jikin mutum da na dabba da na tsiro, furotin ne ke gudanar da kusan kowane aiki a cikinsa. Shi ke narkar da abinci, shi ke ɗaukar iska a jini, shi ke yaƙar cuta. Kowane furotin sarƙa ce da aka haɗa daga ƙwayoyi iri 20 da ake kira amino asid, kuma yadda aka jera su shi ke nuna aikin da zai yi.

Bature ɗan Ingila Frederick Sanger shi ne ya fara karanta jerin wani furotin daga farko har ƙarshe. Insulin ne, wanda masu ciwon sukari suka sani, mai ƙwayoyi 51 kacal. Aikin ya ci kimanin shekara 10, ya kuma ba shi kyautar Nobel a 1958.

Dabarun wancan zamani ba sa iya karanta doguwar sarƙa a tashi ɗaya. Dole a yanka ta gutsu-gutsu, a karanta kowane yanki, sannan a zauna neman inda wannan ya haɗu da wancan. Kamar mutum ne ya samu kwafi uku na wasiƙa ɗaya, kowanne an yayyaga shi ta wurare daban, yana neman gane abin da aka rubuta ta hanyar duba kalmomin da suka maimaitu a bakin gutsattsarin.

A 1962 Dayhoff da Ledley suka fitar da wata manhaja mai suna COMPROTEIN, wadda aka rubuta da harshen kwamfuta na FORTRAN don injin IBM 7090, injin da ke cika ɗaki guda amma bai kai wayar hannu ta yau ƙarfi ba. Manhajar na karɓar gutsattsarin, ta gwada su, ta fitar da jerin da ya dace cikin mintuna. Har gobe da wannan tunani ake haɗa bayanan DNA na mutum ko ƙwayar cuta, sai dai yanzu gutsattsarin sun kai miliyoyi.

A waɗannan shekaru ta kuma yi aiki da Lippincott da sanannen masanin taurari Carl Sagan kan lissafin iskar da ke lulluɓe da wasu duniyoyi, ciki har da Zahra.

Littafi mai furotin 65

A farkon shekarun 1960 duk wanda ya karanta jerin wani furotin sai ya wallafa shi a mujallar da ya ga dama. Bayanan na warwatse, wasu da kurakurai, kuma babu wanda ya ɗauki nauyin tara su.

Dayhoff da abokan aikinta Richard Eck, Marie Chang da Minnie Sochard suka bi mujallun ɗaya bayan ɗaya, suka kwafe kowane jeri, suka tantance shi, suka zuba shi a katunan kwamfuta. A 1965 suka fitar da littafi mai suna Atlas of Protein Sequence and Structure. Furotin 65 ne a ciki, kusan duk abin da duniya ta sani ke nan a lokacin.

A wajen wannan aiki ne batun haruffa ya taso. Masana sun saba rubuta kowane amino asid da haruffa uku, katin kwamfuta kuwa gurbi 80 kawai gare shi. Sai ta bai wa kowanne harafi ɗaya. Wasu sun zo da sauƙi, kamar A ga alanin da G ga gilisin. Wasu sai da dabara: lusin ya riga ya ɗauke L, don haka aka bai wa laisin K, harafin da ke maƙwabtaka da shi. Ƙungiyoyin masana na duniya sun amince da tsarin a 1968, kuma da shi ake aiki har yanzu. Waɗanda suka bi labaran korona za su iya tuna lambobi irin su D614G da N501Y da ake ambata idan sabon nau'i ya ɓulla. Haruffan Dayhoff ne.

Littafin ya riƙa kumbura da kowane sabon bugu. Galibin ma'aikatan da suka riƙe shi mata ne, irin su Winona Barker da Lois Hunt. Sai dai manyan masana da dama na lokacin ba su ɗauki aikin a matsayin bincike ba. A ganinsu, kwafe-kwafe ne irin na akawu. Suna amfani da littafin kullum, amma girmamawa ta mai gwaji a ɗakin bincike ce.

Tsakanin Kananci da Adaranci

Ita kuwa ba don ajiya kawai take tarawa ba. Ta lura cewa idan aka jera furotin iri ɗaya daga halittu daban-daban, bambancin da ke tsakaninsu na ba da labari. Wani furotin mai suna saitokurom si, mai ƙwayoyi 104, na mutum da na doki sun saɓa a wurare 12 ne kawai. Yawan saɓanin na nuna nisa ko kusancin halittun.

Mai jin Hausa zai gane wannan da sauri. Bakano ya ce fita, Ba'adare ya ce hita. Bakano ya ce fara, mutumin Buza ya ce hwara. Wancan ya ce biyar, wannan ya ce biyat. Duk wanda ya saba da karin harsunan biyu ya san cewa f da h suna yawan musanya wuri ba tare da ma'ana ta sauya ba. Amma idan aka ji k a inda ake sa ran f, to wata kalma ce daban.

Haka amino asid suke. Wasu na maye gurbin juna ba tare da furotin ya lalace ba, domin kamanninsu ɗaya. Wasu kuwa da wuya a taɓa su a zauna lafiya. Dayhoff da abokan aikinta suka ƙirga sauye-sauye 1,572 a cikin rukunoni 71 na furotin masu kusanci, suka fitar da jadawalin da ke bai wa kowace musanya maki. An wallafa fitaccen bugunsa a 1978, ana kiransa PAM.

Da wannan jadawali kwamfuta ke iya karɓar sabon furotin da ba a san aikinsa ba, ta laluba rumbu, ta nuna danginsa. Manhajar BLAST da ta fito a 1990, wadda duk ɗalibin fannin ke farawa da ita, a kan wannan tubali aka gina ta.

A 1978 ɗin dai, ita da Robert Schwartz suka kawo hujja daga jerin furotin da ke goyon bayan ra'ayin wata masaniya, Lynn Margulis, cewa ƙananan sassan da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayar halitta suna da dangantaka da bakteriya. A 1982 kuma ita da Winona Barker suka gano cewa furotin ɗin wata ƙwayar cuta mai jawo ciwon daji a kaji yana kama da wani furotin da ke cikin jikin dabbobi masu lafiya. A rumbun bayanai suka ga wannan, ba a kwalbar gwaji ba.

Kwangilar da ta kuɓuce

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an samu hanyoyin karanta DNA kai tsaye, bayanai suka fara kwarara fiye da abin da littafi zai iya ɗauka. A 1980 Dayhoff ta buɗe rumbunta ga masu bincike ta layin tarho, mutum na zaune a jami'arsa ya shiga ya duba.

Matsalar ita ce kuɗi. Tallafin da take samu ba ya da tabbas, don haka tana sayar da littafin, tana karɓar kuɗin rajista, kuma tana riƙe da haƙƙin mallakarsa. Wannan ya ɓata wa wasu masana rai. Suna cewa su suka yi wahalar gano bayanan suka bayar kyauta, don me za a sayar musu?

Da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta yanke shawarar kafa rumbun DNA na ƙasa, Dayhoff ta nema, ga ta da ƙwarewar kusan shekara 20. Amma a 1982 aka bai wa ayarin Walter Goad na cibiyar Los Alamos tare da wani kamfanin kwamfuta. Suna da manyan injuna, kuma sun yi alƙawarin sakin bayanan ga kowa. Rumbun da aka kafa shi ne GenBank.

Ba a cika shekara ba, ranar 5 ga Fabrairu, 1983, ta rasu sakamakon bugun zuciya, tana da shekara 57. Kafin rasuwarta ta riƙe sakatariya sannan shugabar ƙungiyar Biophysical Society, kuma ita ce mace ta farko da ta riƙe muƙami a ƙungiyar. Tun 1984 ƙungiyar ke ba da lambar yabo da sunanta ga mata masu tasowa a bincike.

Abokan aikinta sun ci gaba da rumbun furotin ɗin da sunan PIR, wanda a 2002 ya haɗu da takwarorinsa na Turai aka samu UniProt. Abin da ya fara da furotin 65 yanzu ya haura miliyan 100, kuma kyauta ne ga duk mai intanet.

Sanƙarau da zazzaɓin damina

Gundumar Madawa na iyaka da jihar Sakkwato, kuma cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. A Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar, Mali da Burkina Faso, wadda ta kusan kawar da sanƙarau nau'in A, wanda ya daɗe yana kisa a lokacin zafi. Sai ga shi a 2013 wani nau'in C ya ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya. A 2015 ya afka wa Nijar, inda aka ƙirga kimanin mutum 8,500 da ake zargin sun kamu, 573 suka rasu. A 2017 ya sake tashi a Zamfara, Sakkwato, Katsina da maƙwabtansu, ya kashe fiye da mutum 1,100.

Masu bincike na cibiyar CERMES da ke Yamai tare da takwarorinsu na Amurka sun karanta DNA ɗin ƙwayar, suka kwatanta da abin da ke rumbu. Sakamakon ya nuna sabon iri ne, mai lamba ST-10217, kuma shi ne wanda aka gani a Najeriya. Wani bincike da aka jagoranta daga Oslo a 2018 ya nuna cewa asalinsa ƙwaya ce marar illa da ke zaune a maƙogwaron mutane, wadda ta tsinci wasu ƙwayoyin gado daga 'yan'uwanta ta koma mai kisa. Irin wannan sa ido na cikin abin da ke nuna wa hukumomi allurar da ta dace. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A, C, W, X da Y, Nijar ta biyo baya a shekarar.

Haka batun zazzaɓin cizon sauro. Manya na tuna lokacin da kulorokwin ke warkarwa, da lokacin da ya daina. Sauyin da ya fi alaƙa da hakan a jikin ƙwayar cutar ana rubuta shi K76T, kuma masani ɗan Mali Abdoulaye Djimdé na cikin waɗanda suka tabbatar da shi a jikin marasa lafiya a 2001. Tun 2013 ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina, kuma Madawa da Buza na cikin gundumomin farko da aka fara shirin a Nijar tare da ƙungiyar likitoci ta MSF. Ranar da ƙwayar cutar za ta fara bijire wa wannan magani, a jerin haruffanta za a fara ganin alama, tun kafin gadajen asibiti su cika. A Ruwanda haka aka yi: a 2020 ayarin da Aline Uwimana ke ciki ya ba da rahoton sauyin R561H, mai rage kaifin atemisinin, maganin da Afirka ta dogara da shi yanzu.

Abin da hatsi ya nuna

Mutanen Keita sun san fari ba a labari ba. A 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO, kuma mata ne suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan tare ruwa, domin maza da yawa sun tafi cirani.

A gonaki ma manoma na nasu aikin a hankali. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu 'yan Nijar sun ɗauko irin hatsin da aka tara a ƙauyukan ƙasar a 1976, suka kwatanta da wanda aka sake tarawa a ƙauyukan a 2003. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna hatsin 2003 ya fi saurin fitar da kai, zangarniyarsa ta ɗan gajarta, kuma wani nau'in ƙwayar gado mai sa saurin nuna ya ƙaru daga kimanin kashi 10 zuwa kashi 18 cikin 100. Ma'ana, da damina ta gajarta, irin da manomi ke ajiyewa a rumbu kowace kaka ya bi ta.

A 2017 wani ayarin ƙasa da ƙasa ƙarƙashin cibiyar ICRISAT, wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, ya wallafa cikakken jerin DNA na gero, mai ƙwayoyin gado sama da 38,000, tare da bayanan iri 994. Masu kyautata iri na amfani da wannan wajen zaɓen wanda ke jure zafi da ƙarancin ruwa ba tare da jiran damina da yawa ba.

Bayanan na waye?

Rigimar da ta kayar da Dayhoff, wato wa ke da iko da bayanan da mutane da yawa suka tara, ba ta mutu ba. Manoman albasa na Galmi da kwarin Tarka sun ɗanɗana irinta, lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi rajistar mallakar albasa da sunan Violet de Galmi a hukumar OAPI. Nijar ta ƙi amincewa, kuma a 2021 albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu shaidar asali daga hukumar.

A ɓangaren lafiyar ɗan Adam kuwa, matsalar ta rashin wakilci ce. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kashi 2 kacal. Maganin da aka auna a jikin wasu ba lallai ya yi daidai da jikin wasu ba. Da shirin H3Africa ya karanta DNA na mutum 426 daga ƙasashen Afirka 13, rahotonsa na 2020 ya fito da bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Mace ce ta jagoranci ɓangaren kwamfuta na wannan shiri, Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town. Daga 2012 ta riƙe H3ABioNet, haɗakar cibiyoyi a ƙasashen Afirka da dama wadda CERMES ta Yamai ta shiga, kuma ta horar da dubban ɗalibai ta azuzuwan intanet. Ko sunan fannin ma akwai hannun mace a ciki: Paulien Hogeweg ta ƙasar Holan da abokin aikinta Ben Hesper ne suka ƙirƙiro kalmar a 1970.

Hanyar shiga

A Nijar, alƙaluman UNICEF na nuna cewa kimanin kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ta kai ajin ƙarshe na lise a Madawa ko Keita ta riga ta tsallake siraɗi. Ga wadda ta kai nan, wannan fanni na da wani sauƙi da sauran fannonin kimiyya ba su da shi: ba ya buƙatar ɗakin gwaji na miliyoyin kuɗi. Kwamfutar tafi-da-gidanka, intanet da wutar caji sun isa a fara, ko da yake waɗannan ukun ma ba kullum suke haɗuwa a karkarar Adar ba.

Tushen shi ne ilimin halittu da lissafi, irin wanda ake samu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Sai harsunan kwamfuta irin su Python da R, waɗanda darussansu ke nan kyauta, da kuma Ingilishi, domin da shi aka rubuta yawancin rumbunan. Shafin Galaxy na bai wa mutum damar sarrafa manyan bayanai a injunan wasu ba tare da ya biya ba. Mai son zurfafawa kuma ba sai ya ƙetare teku ba, akwai cibiyar horarwa ta musamman a Bamako tun 2015, akwai kuma ACEGID a garin Ede na Najeriya, inda aka fara karanta jerin ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020.

Misali na kusa shi ne Dakta Fadji Maina, 'yar Damagaram, wadda ta yi digirin digirgir a Strasbourg a 2016 ta kuma shiga hukumar NASA a 2020. Ita ruwa take bincike ba furotin ba, amma kayan aikin iri ɗaya ne: lissafi, manyan bayanai da kwamfuta. A gidan Dayhoff ma abin ya bi jini, domin Ruth ta zama likita mai harkar kwamfuta, Judith kuma ta yi digirin digirgir ta rubuta littafi kan kwamfuta mai kwaikwayon ƙwaƙwalwa.

Mai son ganin aikin da idonsa na iya gwadawa a wayarsa. Ya buɗe shafin UniProt, ya rubuta P68871, lambar sarƙar himogulobin ta ɗan Adam. Jerin zai fara da MVHLTPEEK. Ya ajiye M na farko, wanda jiki ke cirewa, ya ƙirga shida. Zai tsaya a kan E. A jinin yaron da ke da SS, V ne a wurin.